DIGIRI YA SAMU, SAURA AIKI

Jawabin da wakilin ƙananan azuzuwa ya gabatar a walimar bankwana da Ƙungiyar Ɗalibai ta shirya wa 'yan ajin ƙarshe



A al'adarmu ƙane ba ya zaunar da yayansa ya yi masa nasiha. Amma Hausawa sun ce da na gaba ake gane zurfin ruwa, ku kuwa ku ne na gabanmu, kogin da za ku shiga bana shi za mu shiga baɗi, waɗansunmu kuma baɗin baɗaɗa. Saboda haka abin da zan faɗa tsintuwa ce daga bakin malamanmu da magabatanmu da kuma tarihin ƙasarmu, kuma da ku da mu duka ya shafa. Gundarin maganata ɗaya ne. Digiri shaida ce cewa mutum ya iya koyo. Abin da ke sa a ɗauki mutum aiki, a riƙe shi, a ɗaukaka shi, abu biyu ne: a ga akwai abin da ya iya, a kuma ga za a iya ba shi amana a juya baya.

Kafin in shiga shawarwari, ya kamata mu dubi inda aka fito, domin da yawa daga cikin iyayenmu har yanzu da idon jiya suke kallon digiri. A shekarar 1962, lokacin da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, jami'o'i biyar ne kacal a Nijeriya duka, watau Ibadan da Nsukka da Ife da Legas da Zariya. A 1967 aka yanka ƙasar nan jihohi 12, a 1976 kuma suka zama 19, kowace sabuwar jiha tana bukatar ma'aikatu da sakatarori da injiniyoyi da likitoci. A 1976 ɗin kuma aka soma shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, wanda ya bukaci dubban malamai. Kuɗin mai ya shigo, ƙarin albashin Udoji na 1974 ya cika aljihun ma'aikata. A wancan zamani aiki ne ke neman mai digiri, sau da yawa har da gida da bashin mota.

Wannan daula ba ta daɗe ba. A 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta sallami ma'aikata fiye da dubu 10, aka gane ashe kujerar gwamnati ma aro ce. Farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, aka shiga tsuke bakin aljihu a 1982, sa'an nan a 1986 aka kawo shirin gyaran tattalin arziki da ake kira SAP, darajar naira ta soma zubewa. Masaƙun Kaduna, waɗanda suka faro da na KTL a 1957, suka ciyar da dubban gidaje, sun rufe ɗaya bayan ɗaya, haka kuma masana'antu da yawa a Bompai da Sharaɗa da Chalawa a Kano. A yau jami'o'in ƙasar nan sun haura 250, kowacce tana yaye ɗalibai duk shekara, guraben aiki kuwa ba su ƙaru yadda ɗalibai suka ƙaru ba.

Wanda yake son ya ga hoton wannan hali, to ya tuna da ranar 15 ga Maris, 2014. A ranar ce matasa fiye da dubu 500 suka yi dafifi a filayen wasa na garuruwa daban-daban don jarrabawar shiga aikin Hukumar Shige da Fice, alhali guraben ba su kai dubu 5 ba, bayan kowa ya biya naira 1,000 kuɗin neman shiga. Aka yi turmutsutsu, aƙalla mutum 16 suka rasa rayukansu. Ban kawo wannan don in karya muku gwiwa ba, na kawo shi ne don mu san irin kasuwar da za mu kai hajarmu. Wanda ya san kasuwa ta cika, tun da asuba yake fita, kuma yakan tabbatar kayansa sun fi na maƙwabcinsa kyau.

Maganata ta farko a kan shekarar yi wa ƙasa hidima ce. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ce ta kafa wannan shiri na NYSC ranar 22 ga Mayu, 1973, bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, domin 'yan ƙasa su san juna. Da yawa suna ɗaukar wannan shekara tamkar zaman jiran mota a tasha, a sa hannu a takarda duk wata, a karɓi alawus, a koma gida. Lalle wannan asara ce. Shekarar hidima ita ce shekara ɗaya tak a rayuwarku da za a ba ku wurin aiki ba tare da kun nema ba, a kuma biya ku kuna koyo. Tun daga watan Maris na 2025 alawus ɗin ya kai naira 77,000 a wata. Tun 2012 kuma akwai shirin koyar da sana'o'i na SAED a cikin sansani da bayan sansani. Wanda aka tura makarantar ƙauye ya koyar da gaske, ya rubuta shirin darasi, ya duba littattafan yara, zai fito ya iya tsayawa gaban jama'a ya bayyana abu a fahimta, wannan kuwa gwaninta ce da kowane ofis ke bukata. Kafin ku bar wurin, ku nemi takardar shaida daga shugaban da kuka yi aiki a ƙarƙashinsa, domin ita ce shaidar aiki ta farko da za ku nuna. In kuma an tura ku Kudu, ku koyi gaisuwa da ciniki da harshen mutanen wurin. Bahaushen da ya iya Yarbanci ko Ibo ya buɗe wa kansa ƙofar da abokinsa bai san da ita ba.

Magana ta biyu ita ce neman aikin kansa. Takardar neman aiki da takardar bayanin kai, wadda aka fi sani da CV, su ne fuskarku kafin a ga fuskarku. Ku rubuta su gajeru, ba kuskure, ku ba wani ya duba muku. Kada ku rubuta kun iya abin da ba ku iya ba, domin ramin ƙarya ƙurarre ne, tambaya ɗaya a wurin ganawa ta isa ta tona asiri. Kafin ku je ganawa, ku bincika ku san me wurin yake yi, me yake sayarwa, su wa yake yi wa hidima. Waɗanda fanninsu yake da hukumar rajista, kada su yi sanya: malami ya yi rajista da TRCN, injiniya ya bi hanyar COREN, mai lissafin kuɗi ya fara jarrabawar ICAN ko ANAN tun ƙwaƙwalwa tana da zafi. Kowa kuma, ko me ya karanta, ya iya sarrafa kwamfuta sosai, ya iya tsara wasiƙa, ya iya jera lissafi a tebur, ya iya aika saƙo ta intanet cikin ladabi da tsari. Yau rashin wannan daidai yake da rashin iya riƙe alƙalami a zamanin kakanninmu.

A nan dole in taɓo wani ciwo da kowa ya san da shi, watau sayen aiki. Za ku haɗu da masu cewa suna da gurbi a hukuma kaza, a kawo kuɗi kaza a karɓi takarda. Waɗansu iyaye sun sayar da gona ko shanu a kan haka, aka ba 'ya'yansu takardar jabu, ba aikin ba kuɗin. Wanda ma ya dace takardar ta zama ta gaske, ya shiga aiki da bashi a wuyansa, tun ranar farko tunaninsa yana kan yadda zai mayar da kuɗinsa, daga nan kuwa hannu ke fara miƙewa zuwa ga abin da ba nasa ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Neman alfarmar wani babba ya gabatar da kai inda ka cancanta daban ne, sayen kujera daban.

Magana ta uku ita ce zama a wurin aiki. Mai digiri na farko yakan shiga aikin gwamnati a mataki na 8, a aikin Tarayya kuma sai ya yi shekara biyu na gwaji kafin a tabbatar da shi. A ranar da kuka fara za ku tarar da akawu da masinja da direba waɗanda suka yi shekara ashirin ko talatin a wurin, ba su taɓa shiga aji a jami'a ba, amma sun san inda kowane fayil yake kwana, sun san halin kowane shugaba, sun san abin da aka gwada a da ya ƙi. Ku gaishe su gaisuwar iyaye, ku kira su Baba ko Malam ko Hajiya, ku tambaye su abin da ba ku sani ba. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Sabon ma'aikacin da ya shigo yana hura hanci da digirinsa, za a zuba masa ido ya yi ta tuntuɓe, ba mai ce masa ga rami.

Abubuwan da ke ɗaukaka ma'aikaci a shekarunsa na farko ƙanana ne, amma su ake gani. Ya zo a kan lokaci. In an ba shi aiki ya tambayi ranar da ake bukatarsa, ya kawo kafin ranar. In ya ga ba zai iya gamawa ba, ya faɗa tun da wuri. In an yi taro ya rubuta abin da aka yanke. In an aike shi da kuɗi ya dawo da rasit da canji, ko da naira 50 ce. Kada ya sa hannu a takardar da bai karanta ba, ko wane ne ya kawo ta, domin ranar da bincike ya zo, sa hannu ake nema, ba a tambayar wanda ya ce a sa. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Shugaba yakan gane wanda zai dogara da shi cikin watanni kaɗan, kuma da wuya wannan ra'ayi na farko ya sake.

Kada kuma ku tsaya a kan abin da aka rubuta a takardar digirinku. Alhaji Abubakar Imam malamin makaranta ne a Midil ta Katsina lokacin da aka sa gasar rubuta littattafan Hausa a 1933. Ya zauna ya rubuta Ruwan Bagaja bayan aikinsa na aji, wannan rubutu ne ya sa aka san shi, har ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939. Aikin da mutum ya yi da kyau a gefe, shi kan zama babbar hanyarsa.

Magana ta huɗu ita ce kuɗi. Tun watan Yuli na 2024 mafi ƙarancin albashi a doka naira 70,000 ne, amma kowa ya san abin da ya sami farashin abinci da kuɗin mota tun da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023. Albashin farko ba zai kai yadda ake zato a gida ba. Da yawa daga cikinku ku ne na farko da suka yi digiri a gidajenku, ido yana kanku, kuɗin makarantar ƙanne da maganin tsofaffi da gudummawar biki duk za su biyo ku. Taimakon iyaye wajibi ne, ba mai musun wannan. Amma ku gaya musu gaskiyar abin da kuke samu tun wata na farko, ku yanke abin da za ku iya bayarwa duk wata, ku tsaya a kansa. Wanda ya ɓoye albashinsa don a ɗauka babba ne, shi ya jawo wa kansa buƙatun da suka fi ƙarfinsa. Ku ware wani abu ku ajiye ranar da albashi ya shigo, ko ta adashi ko ta banki, kafin a fara kashewa. Ku guji cin bashi don waya mai tsada ko lefen gasa ko bikin kece raini. Daidai ruwa daidai tsaki.

Ku kuma san haƙƙinku. Kada ku fara aiki a kamfani sai da takardar ɗauka a rubuce, mai bayyana albashi da lokacin aiki da hutu da sharuɗɗan sallama. Dokar fansho ta 2014 ta tanadi cewa ma'aikacin Tarayya ko na kamfanin da dokar ta shafa zai riƙa zuba kashi 8 cikin 100 na albashinsa a asusun fanshonsa, wanda ya ɗauke shi aiki kuma ya zuba aƙalla kashi 10. Ku buɗe asusun, ku riƙa duba ko kuɗin suna shiga, domin akan cire a albashi a ƙi zubawa, ma'aikaci bai sani ba sai bayan shekaru. Waɗanda suka ci bashin karatu na NELFUND, wanda aka fara bayarwa a 2024, su tuna biya yana farawa ne shekara biyu bayan gama hidimar ƙasa. Ku biya, domin da abin da kuka mayar za a ba na bayanku.

Magana ta biyar ita ce ga wanda aikin ofis bai samu ba, kuma gaskiya ita ce su ne za su fi yawa. Zomo ba ya kamuwa daga zaune. Babban abin da ke kashe mai digiri shi ne jin kunyar a gan shi yana ƙaramin aiki, sai ya shekara uku a majalisar ƙofar gida yana jiran kira. Ƙasar Hausa ta san fatauci tun kafin ta san boko. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da fataucin goro tsakanin Kano da Gwanja ya fara, kafin ya koma cinikin gyaɗa. A yau a kasuwar Dawanau ana tara riɗi da zoɓo da citta ana fitar da su ƙasashen waje, kuma wannan ciniki yana bukatar wanda ya iya rubuta yarjejeniya, ya iya lissafi, ya san ƙa'idar ingancin kaya da takardun fitarwa. A Kantin Kwari da kasuwar Singa akwai 'yan kasuwa masu juya dukiya mai yawa waɗanda ke neman yaro mai ilmi, mai amana, da zai tsara musu littafin shiga da fita. Wanda ya karanta aikin gona ya san abin da noman rani ke bayarwa a Kadawa da Bakolori. Shiga ƙarƙashin ubangida shekara biyu ko uku a koyi sirrin kasuwa makaranta ce ta biyu, kuma ba ta rage wa digiri komai. In kun kafa naku, ku yi masa rajista da hukumar CAC, ku raba kuɗin sana'a da kuɗin aljihu. Dokar kamfanoni ta 2020 ma ta yarda mutum ɗaya ya kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai.

Wanda yake ganin aikin hannu ƙasƙanci ne, ya ciro naira 20 ya juya bayanta. Matar da ke zaune tana ginin tukunya ita ce Ladi Kwali. Ba ta yi karatun boko ba, a wurin gwaggonta ta koyi ginin tukwane, ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja, a 1954. Aikinta ya kai ta Ingila da Amurka, a 1977 kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa. Jami'a da kanta ta miƙe tsaye don gwanintar hannu.

Ga yayyenmu mata ina da kalma ta musamman. Karatun da kuka yi an sha wahala a kansa, ku da iyayenku, kada a ninke takardar a sa a ƙasan akwati. Asibitocinmu suna ƙarancin likitoci mata da ungozomomi, makarantun 'yan mata suna ƙarancin malaman kimiyya da lissafi, kuma akwai matan da ba za su faɗi ciwonsu ko matsalarsu ba sai ga mace 'yar'uwarsu. Maganar aiki ko sana'a a yi ta a fili tun kafin a ɗaura aure, da sanin waliyyai, domin abin da aka daidaita a farko ba ya zama rigima a tsakiya. Mu maza kuma mu sani, abokiyar aiki ƙanwa ce ko ya, mutuncinta a ofis amana ne a wuyan kowa.

Daga ƙarshe, ya ku yayyenmu, muna da roƙo. A nan mun saba zagin ma'aikacin da ke ɓoye fayil sai an ba shi na goro, da ɗan kwangilar da ya karɓi kuɗin aji ya bar yara a gindin bishiya, da jami'in da ya sayar da gurbin da ya kamata ɗan talaka ya samu. Kowane ɗaya daga cikinsu ya taɓa zama a ɗaki irin wannan, ya ci walima irin wannan, wataƙila ma ya yi zanga-zanga a kan cin hanci. Ba rana ɗaya suka lalace ba, da ƙaramin abu aka fara, aka ce ai kowa ma yana yi. Nan da shekara goma waɗansunku ne za su riƙe waɗannan fayiloli, mu kuma ko ƙannenmu mu ne za mu tsaya a bakin tebur ɗinku. Muna roƙo ku duba takardunmu da adalci. Wanda ya sami wuri ya waiwayo, ya sanar da na baya in an buɗe gurbi, ya karɓi ɗalibi ɗaya ya koya masa aiki a lokacin hutu, ya zo ya gaya mana abin da ya tarar, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Muna gode wa malamanmu da suka yi haƙuri da ku, suke kuma kan yi da mu. Allah ya saka wa iyayenku da alheri, ya sa ku amfani kanku da ƙasarku, ya ba ku abin yi mai albarka, ya kai ku gidajenku lafiya.